Abubakar Imam: Malamin Turancin da ya rubuta Magana Jari Ce

Duk ɗalibin Tambuwal ko Kebbe da ya ce zai karanta adabin Turanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da wuya dangi su bar shi bai sha tambayar abin da zai yi da tatsuniyoyin Turawa ba. Tarihin Alhaji Abubakar Imam ya taɓa wannan tambayar, ko da yake shi bai yi digiri ba, don a lokacin samartakarsa babu jami'a ko ɗaya a Najeriya. Sai a 1948 aka buɗe ta Ibadan.

An haife shi a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu, a 1911, a gidan malamai. Ya fara da karatun allo da Larabci, sannan ya shiga Kwalejin Katsina. Da ya gama a 1932, ya zama malamin Turanci a Midil ta Katsina.

A 1933 Rupert East, na Hukumar Fassara a Zariya, ya shirya gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Imam ya shiga da Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Gasar ce kuma ta fito da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa.

East ya ga hazaƙarsa, ya nemi a ba shi aronsa zuwa Zariya a 1936, ya tara masa littattafan tatsuniyoyin Turai da na Gabas. Daga nan Magana Jari Ce ta fito, littafi uku. A ciki akwai labaran da saiwarsu ke cikin Dare Dubu da Ɗaya, akwai na Jamusawan nan 'yan'uwa Grimm, shi kansa akun mai ba da labari daga hikayoyin Indiya da Farisa ya taso. Amma Imam bai yi fassara ba. Ya kan kwance labari, ya ga inda ƙullinsa yake, ya sauya masa gari da sunaye, ya sa alƙali da dogari da 'yan kasuwa, ya zuba karin magana, har mai karatu ya rantse a bakin kakarsa ya fara jin sa. Masu nazari sun daɗe suna muhawara kan wannan aro. A ganina masu kiran abin kwafi ba su gwada ba ne. Kafin ka sake wa labari riga haka, sai ka karance shi ciki da bai, wanda shi ne aikin da ake koya wa ɗalibin adabi.

A Janairun 1939 ya zama editan Hausa na farko na Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugard, ya faɗa masa koken Arewa da Turancin da ya koya a Katsina. Tafiyar ce ta haifi littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Daga baya ya bar jarida ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Ya rasu a Zariya a 1981, yana da shekara 70.