Baba ta Karo (1877–1951)

'Yan'uwa, a unguwanninmu na Kaduna mun saba jin ana kiran matar da ba ta haihu ba juya, har ma daga bakinmu mu masu zuwa coci. Baba, 'yar ƙauyen Karo, ta yi aure sau huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba. Duk da haka dangi suka ba ta 'ya'ya riƙo, ta rene su har suka girma. A Giwa, tsakanin 1949 da 1950, ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta: harin bayi, zuwan Turawa, zaman kishiyoyi. Littafin ya fito a 1954, shekara uku bayan rasuwarta. Sunayen mazajenta ma daga bakinta duniya ta san su.