TARIHIN RAYUWAR GALILEO GALILEI, MAI BINCIKEN MOTSI (1564-1642)

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya shiga ajin farko na ilmin fiziks a jami'a, abin da akan fara ɗora shi a kai shi ne ilmin motsi, watau yadda abu yake faɗuwa, da yadda gudunsa yake ƙaruwa, da kuma hanyar da abin da aka jefa yake bi kafin ya dawo ƙasa. Cikin 'yan makonni akan gama waɗannan darussa a wuce gaba, har ɗalibi ya zaci cewa abubuwa ne da aka sani tun fil azal. Alhali kuwa akwai mutumin da ya shafe wajen shekara 50 yana fama da su, yana gwadawa yana kuskure yana gyarawa, bai kuma samu ya fitar da su a littafi ba sai da tsufa da makanta suka cim masa a tsare. Wannan mutum shi ne Galileo Galilei, mutumin ƙasar Italiya.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Galileo a birnin Pisa ran 15 ga watan Fabrairu, shekarar 1564. Mahaifinsa, Vincenzo Galilei, makaɗin wani irin molo ne, kuma masanin ƙa'idojin kiɗa. Mutum ne wanda ba ya karɓar magana don kawai wani babba ya faɗe ta, har yakan rataya wa tsirkiya abu mai nauyi domin ya gwada yadda amonta yake sakewa. Da wannan hali ɗansa ya tashi.

Bayan iyalin sun koma birnin Fulorans, an kai yaron karatu wani gidan masu ibada a Vallombrosa. Daga nan sai mahaifinsa ya sa shi Jami'ar Pisa domin ya koyi aikin likita, saboda a can ne ake ganin abin hannu. Amma zuciyar Galileo ba ta kwanta da wannan karatu ba. Wani malamin lissafi mai suna Ostilio Ricci ya buɗe masa littattafan Uƙlidis da na Arkimidis, tun daga ranar kuwa hankalinsa ya koma kan lissafi. A shekarar 1585 ya bar jami'a ba tare da ya sami digiri ba, ya shiga koyar da lissafi domin ya sami abin kai wa bakin salati. A 1589 aka ɗauke shi malamin lissafi a jami'ar da ya bari, da albashi ɗan kaɗan.

Abin da Ya Tarar

A wancan zamani, koyarwar Aristotal, masanin nan na Girka, ita ce ake bi a jami'o'in Turai. Shi ya koyar da cewa abu mai nauyi ya fi marar nauyi saurin faɗuwa gwargwadon nauyinsa, kuma abin da aka tura ba ya ci gaba da tafiya sai da abin da yake tura shi. Ba Galileo ne ya fara ja da wannan ba. Tun a ƙarni na 6 wani malamin Iskandariyya, wanda Larabawa suke kira Yahaya al-Nahwi, ya musa maganar nauyi. Haka kuma Ibn Sina ya bayyana cewa mai jifa yakan bar wa abin da ya jefa wani karkata na tafiya, wanda ba zai gushe ba in babu abin da ya tare shi. Abin da ya rage shi ne a sami wanda zai auna motsin, ya fitar da lissafinsa.

Hujjar da Galileo ya kafa mai sauƙin ganewa ce. A ɗauki babban dutse da ƙarami a ɗaure su tare a saka. In maganar Aristotal gaskiya ce, ƙaramin zai riƙa jan babban baya, saboda haka su biyun za su faɗi a hankali fiye da babban shi kaɗai. Amma kuma su biyun a haɗe sun fi babban nauyi, saboda haka ya kamata su fi shi sauri. Magana ɗaya ke nan ta haifi abu biyu masu karo da juna, wanda ya nuna akwai ɓaraka a cikinta. Labarin da ya shahara cewa ya hau karkatacciyar hasumiyar Pisa ya sako duwatsu, almajirinsa Viviani ne ya rubuta shi bayan rasuwarsa, kuma masana tarihi da yawa suna shakkarsa.

Shekarunsa a Padua

Mahaifinsa ya rasu a 1591, nauyin gida ya faɗo kansa, har da dukiyar aure ta ƙannensa mata, wadda a al'adarsu dangin amarya ne suke biya. A 1592 ya koma Jami'ar Padua, a ƙarƙashin mulkin Benis, inda ya zauna shekara 18. A can ya haifi 'ya'ya uku da wata mata mai suna Marina Gamba. Domin albashi ba ya isa, yakan saukar da ɗalibai a gidansa, yana kuma sayar da wani ma'auni na lissafi da ya ƙirƙira domin sojoji da masu safiyo.

A cikin wannan hali ne ya yi babban aikinsa. Matsalarsa ita ce abu yana faɗuwa da saurin da ido ba ya iya bi, ga shi kuwa babu agogon da yake ƙidaya daƙiƙa. Sai ya yi dabarar rage wa faɗuwar gudu. Kamar yadda ya bayyana daga baya, ya sami katako mai tsawon kamu 12, ya yi masa kwari a tsakiya, ya shimfiɗa masa fata mai santsi, ya ɗaga gefe guda, sa'an nan ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Wajen auna lokaci kuwa, ruwa yake bari ya tsiyaya daga wani mazubi ta ƙaramin bututu, in ƙwallon ta iso sai ya auna nauyin ruwan da ya taru.

Abin da ya gano shi ne, in ƙwallo ta yi tafiyar taki 1 a lokaci na farko, za ta yi 3 a na biyu, 5 a na uku, 7 a na huɗu. In aka tara su sai a sami 1, 4, 9, 16, watau nisan tafiya yana bin lokaci ne idan aka ninka shi sau kansa. Da awon zamanin yau, dutsen da aka saka yakan faɗi mita 4.9 a daƙiƙa ɗaya, mita 19.6 a daƙiƙa biyu, mita 44.1 a daƙiƙa uku, muddin iska ba ta tare shi ba. Bai kai ga wannan a tashi ɗaya ba. A wata wasiƙa ta 1604 ya faɗi ƙa'idar daidai, amma ya gina ta a kan kuskure, domin ya ɗauka gudu yana ƙaruwa ne gwargwadon nisan da aka faɗo. Sai bayan 'yan shekaru ya gane cewa gwargwadon lokaci yake ƙaruwa. Har ila yau ya nuna cewa harsashin igwa tafiya biyu yake yi a lokaci guda, ɗaya ta gaba wadda gudunta ba ya sakewa, ɗaya ta faɗuwa wadda gudunta yake ƙaruwa, su ne suke haɗuwa su ba da lanƙwasar da masu lissafi suke kira farabola.

Madubin Hangen Nesa da Rikici

A 1609 labari ya iso masa cewa an ƙera madubin hangen nesa a ƙasar Holan. Ya ƙera nasa, ya ɗaga shi sama, ya ga duwatsu da ramuka a kan wata, a watan Janairu na 1610 kuma ya ga wasu watanni huɗu suna kewaya tauraron Mushtari. Ɗan littafin da ya buga a kan haka ya ɗaukaka sunansa a Turai, har sarkin Tuskani, Cosimo na Biyu, ya kira shi Fulorans ya zama masanin fada. Aikin motsi kuwa sai aka jingine shi.

Abin da ya gani ya ƙarfafa masa ra'ayin Kopanikus, cewa duniya ce take kewaya rana. Masu ja da shi suna cewa, in da duniya tana tafiya, da dutsen da aka sako daga hasumiya ya faɗi can baya. A nan ilmin motsi ya yi masa rana. Ya ba da misalin jirgin ruwa mai tafiya sumul: wanda yake cikin ɗakinsa, in ya saki abu, a gabansa zai faɗi, domin abin yana tare da tafiyar jirgin tun kafin a sake shi. Amma fa shi ma ya yi tuntuɓe, domin ya dage cewa motsin duniya ne yake kawo cika da janyewar teku, alhali jan wata ne babban dalili.

A 1616 hukumar Cocin Katolika ta hana riƙe ra'ayin Kopanikus, aka kuma gargaɗi Galileo ta bakin Kadinal Bellarmine. Da wani tsohon masoyinsa ya zama Paparoma Urban na Takwas a 1623, sai ya zaci ƙofa ta buɗe. A 1632 ya buga littafin tattaunawa a kan tsare-tsaren duniya guda biyu, wanda ya fito fili ya rinjayar da ɓangaren Kopanikus. Aka kira shi Roma gaban kotun binciken aƙida. Ran 22 ga Yuni, 1633, yana da shekara 69, aka sa shi ya durƙusa ya janye ra'ayinsa, aka haramta littafin, aka yanke masa ɗauri, wanda aka mayar tsarewa a gida.

Ƙarshen Rayuwarsa

A gidansa na Arcetri, kusa da Fulorans, ya ƙare kwanakinsa. A 1634 'yarsa Maria Celeste, wadda ita ce mai kwantar masa da hankali, ta rasu. Da aka rufe masa maganar sama, sai ya kakkaɓe tsofaffin takardunsa na Padua, ya rubuta littafin sababbin ilmoma biyu, watau ƙarfin kayan gini da motsi. Tun da an hana buga aikinsa a gida, sai aka fitar da rubutun zuwa birnin Leiden na Holan, aka buga shi a 1638. Kafin littafin ya iso hannunsa ya riga ya makance. Ya rasu ran 8 ga Janairu, 1642.

Kammalawa

A kan wannan littafi ne waɗanda suka biyo baya suka ɗora gini, har Isaac Newton na Ingila ya fitar da dokokin motsi guda uku a 1687. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka dira tare. A 1992 kuma Paparoma John Paul na Biyu ya amsa cewa waɗanda suka hukunta Galileo sun yi kuskure.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma Galileo bai tsaya ga gani kawai ba, sai da ya haɗa shi da awo da lissafi, ya kuma yarda ya gyara kansa a inda awon ya saɓa wa zatonsa. Ɗalibin da yake gangaro da ƙwallo a ɗakin gwaji da agogo a hannunsa, aikin da aka fara a Padua da katako da ruwa ne yake maimaitawa.