Bakhita, Baiwar Da Ta Zama Sista

Wataƙila kin taɓa ganin matan nan masu lulluɓi da ake kira Sista a asibiti ko makarantar mishan, kika ce shin yaya mace kan shiga wannan rayuwa? Tarihin Josefin Bakhita zai nuna miki hanyar.

An haife ta a Darfur, ƙasar Sudan, wajen 1869. Tana ƙarama masu farautar bayi suka sace ta, firgita ta sa ta mance sunanta, suka raɗa mata Bakhita, watau mai sa'a. Aka yi ta cinikinta, har wata uwargijiya ta sa aka tsattsaga jikinta aka cusa gishiri. A 1885 ƙaramin jakadan Italiya ya kai ta ƙasarsu, ta zama mai renon 'yar abokinsa.

A 1888 uwargidan ta ajiye ta da yarinyar wurin Sistocin Kanosa a birnin Benis. Da ta komo za ta mai da ita Sudan, Bakhita ta ƙi. Magana ta kai kotu, a 1889 aka yanke cewa ita 'ya ce, ba mai iko da ita.

To, kada ki zaci nan take ta zama Sista. Sai mace ta kasance 'yar ɗarikar Katolika, ba ta da aure, ta nemi shiga da bakinta. An yi wa Bakhita baftisma a 1890. A 1893 ta shiga zaman gwaji, inda ake koyon addu'a da dokokin gida ana lura da hali, wadda ta ga ba za ta iya ba kuwa ta koma gida ba laifi. Sai a 1896 ta ɗauki alkawura uku: barin dukiya, barin aure, da biyayya.

Daga 1902 ta zauna a garin Skiyo tana girki da ɗinki da tsaron ƙofa. Ta rasu ran 8 ga Fabrairu, 1947, a 2000 kuma Paparoma ya sanya ta cikin waliyyai.

Ki lura, 'yar'uwa: wadda ba a taɓa neman yardarta ba, ita ta zaɓi hanyarta, ta kuma yi shekaru tana auna ta. Kowane alkawari ke gabanki, ki auna shi haka kafin ki amsa.

Sai mako mai zuwa.