Malam Abdussalami na Gimbana: Jagoran jihadin da rabon iko ya raba da abokan tafiyarsa

Duk lokacin da muhawarar Hausa da Fulani ta ɓarke a shafukan sada zumunta, sunan Malam Abdussalami ba ya daɗewa bai fito ba. Wasu na ɗaga shi a matsayin gwarzon Hausawa da aka zalunta, wasu kuma na kallonsa a matsayin ɗan tawaye. Tarihin mutumin da zuriyarsa ta kafa garin Jega ya fi ƙarfin kowanne daga cikin waɗannan ɓangarori.

Abdussalami Ba'are ne, kuma yana cikin manyan almajiran Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo waɗanda ba Fulani ba. Da sarakunan Gobir suka tsananta wa jama'ar Shehu, sai ya kwashi mutanensa ya koma Gimbana a ƙasar Kabi, kusa da inda Jega take a yau. A ƙarshen 1803 dakarun Sarkin Gobir Yunfa suka afka wa garin, suka kama mutane masu yawa. Da aka biyo da kamammun ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka tare hanya suka kwance su. Wannan lamari na cikin abin da ya kai ga hijira zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. Ke nan tartsatsin da ya kunna jihadin ya tashi ne daga kare haƙƙin jama'ar wani malami Bahaushe.

Saɓani ya taso bayan nasara. A 1812 aka raba tafiyar da daula: yamma a hannun Abdullahi na Gwandu, gabas a hannun Muhammadu Bello. Abdussalami ya samu 'yan garuruwa a ɓangaren Gwandu, rabon da ya ga bai kai gudummawarsa ba. Daga baya aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato, inda ya gina ganuwa, masu ƙorafi da sabuwar hukuma suka riƙa taruwa a wurinsa.

Bayan rasuwar Shehu a watan Afrilun 1817, rikicin ya fito fili. Wasiƙu suka yi ta kai da komo tsakaninsa da Sarkin Musulmi Bello. Shi yana kuka da yadda aka raba ƙasa da kuma zaluncin wasu masu riƙe da iko, Bello kuwa yana tuhumarsa da haɗa kai da abokan gāba. Sulhu ya ci tura, Kware ta faɗi a farkon 1818, Abdussalami ya fita da rauni, ya rasu a Bakura ta ƙasar Zamfara. Mafi yawan abin da ake karantawa kan rikicin ya zo ne ta littafin Sard al-Kalam na Bello, wato abokin hamayyarsa, abin da ya kamata mai karatu ya riƙa tunawa. Duk da haka, a cikin littafin ne koken Abdussalami ya tsira har ya iso wannan zamani.

Sauran mabiyansa sun ja daga a Kalambaina, kuma yaƙin da aka yi a can ne ya sasanta Abdullahi da Bello bayan 'yar tsamar da gadon mulki ta haifar. Ɗansa Buhari ya yi mubaya'a ga Gwandu, aka ba shi izinin kafa Jega a bakin Gulbin Zamfara. Garin ya bunƙasa ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, kuma har yau mutanen Aliero da Maiyama na cin kasuwarsa, Gimbanawa na riƙe da sarautar Sarkin Kabin Jega.

Wanda ya mayar da Abdussalami tutar ƙabila ya manta cewa da son ransa ya bi Shehu, ya kuma yi yaƙi a sahunsa. Wanda ya tsaya a kiransa ɗan tawaye ya kauce wa tambayar da ya yi kan adalci a rabon iko, tambayar da matasan Kebbi ke maimaitawa duk lokacin da aka zo rabon muƙamai tsakanin masarautun Gwandu, Argungu, Yawuri da Zuru. Magabata sun gwada takobi a Kware, wutar ba ta mutu ba, sai da aka bai wa Gimbanawa gari da sarauta a cikin daular sannan ƙura ta lafa.