Xu Shunshou: Injiniyan da ya koya wa Sin zana jirginta, ya mutu a hannun masu juyin juya hali

Duk mai bibiyar labaran jiragen yaƙi ya san J-20 da J-35 da babban jirgin dakon kaya Y-20, waɗanda kamfanin gwamnatin Sin mai suna AVIC ke ƙerawa a masana'antunsa na Chengdu da Shenyang da Xi'an. Amma a farkon shekarun 1950 sabuwar gwamnatin ƙasar ba ta da ofishin zanen jirgi ko guda ɗaya. Abin da masana'antunta suka iya shi ne gyaran jirage da harhaɗa waɗanda Tarayyar Sobiyet ta zana. Mutumin da aka ɗora wa nauyin buɗe ofishin farko shi ne Xu Shunshou, wanda ya rasu yana da shekara 50, kafin ya ga amfanin yawancin abin da ya shuka.

Maraya mai kaifin ƙwaƙwalwa

An haifi Xu Shunshou ranar 21 ga watan Agusta na 1917 a birnin Shanghai, amma asalin gidansu na garin Nanxun ne a lardin Zhejiang. Mahaifinsa, Xu Yibing, yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantar koyar da motsa jiki ta zamani a ƙasar, ya kuma rasu tun Shunshou yana ƙaramin yaro. Wansa, Xu Chi, ya zama shahararren marubuci.

Yana ɗan shekara 16 ya samu shiga jami'ar Tsinghua da ke Beijin a 1933, inda ya karanci aikin injiniya da fannin jiragen sama. Ya gama a 1937, shekarar da yaƙi da Japan ya ɓarke gadan-gadan. Aikinsa na farko a masana'antar harhaɗa jirage ta Hangzhou ne, wadda Sinawa da Amurkawa suka kafa tare, ba a jima ba kuma jiragen Japan suka yi wa wurin ruwan bama-bamai. Shekarun yaƙin ya yi su ne yana yawo daga wannan gari zuwa wancan: ya koyar a Yining, can kusa da iyakar Sobiyet, ya yi aikin bincike a Chengdu, ya kuma tattara ƙamus na kalmomin aikin jirgin sama daga Ingilishi zuwa Sinanci.

A 1944 aka tura shi Amurka. Ya samu horo a kamfanin McDonnell da ke birnin St. Louis, inda a lokacin ake aikin FD-1 Phantom, ɗaya daga cikin jiragen farko masu injin jet na sojan ruwan Amurka. A 1946 ya tattara nasa-ya-nasa ya koma gida, ya kama aiki a masana'antar jirage ta Nanchang. Da gwamnatin Kuomintang ta ga ƴan kwaminis na shirin cin ta da yaƙi a 1949, sai ta ba da umarnin kwashe masana'antar zuwa tsibirin Taiwan. Xu ya zaɓi zama a babban yankin ƙasar, ya miƙa iliminsa ga sabuwar gwamnati.

Kwafi daban, zane daban

A watan Yulin 1956 masana'antar Shenyang ta fitar da J-5, jirgin yaƙi mai injin jet na farko da aka ƙera a Sin. An yi murna sosai, amma jirgin MiG-17 ne na Sobiyet, aka bi takardunsa layi bayan layi. Mai kwafi ya san tsawon fiffike da kaurin ƙarfe, amma bai san dalilin da ya sa aka zaɓe su haka ba. Ranar da mai takardun ya janye hannunsa, aiki ya tsaya ke nan. Wannan shi ne abin da ya dami Xu da abokan aikinsa.

A watan Agustan shekarar aka buɗe ofishin zanen jirgi a cikin masana'antar Shenyang, aka naɗa Xu darekta, Huang Zhiqian da Ye Zhengda suka zama mataimakansa. Ma'aikatan sun ɗan haura ɗari, yawancinsu samari ne ƴan shekara ashirin da ƴan kai da suka fito daga makaranta. Waɗanda suka taɓa sa hannu a zanen jirgi na gaske ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba.

Xu bai ce a fara da jirgin yaƙi mai gudun tsiya ba. Ya zaɓi ƙaramin jirgin koyon tuƙi mai kujeru biyu, wanda gudunsa bai kai na sauti ba, domin yaran su bi kowane mataki da hannunsu, tun daga lissafin farko har zuwa gwaji a sama. Ya kuma sa su nazarci jiragen ƙasashe daban-daban maimakon su manne wa samfuri ɗaya. A nan ne ya kauce wa tsarin MiG, wanda injinsa ke shan iska ta hanci. Shi ya sa kafofin shan iskar a gefe biyu na jikin jirgin, tsarin da ke barin hanci fili don na'urar rada, wanda kuma jiragen yaƙin zamani suka bi daga baya.

Ranar 26 ga watan Yuli na 1958 jirgin, mai suna JJ-1, ya tashi a karon farko, ƙasa da shekara biyu da fara zanensa. Matuƙin gwajin, Yu Zhenwu, daga baya ya zama babban kwamandan sojan saman ƙasar. Shi ne jirgi mai injin jet na farko da Sinawa suka zana da kansu. Sai dai rundunar ta sauya tsarin horar da matuƙa, saboda haka ba a ƙera shi da yawa ba. Ribar da aka ci ita ce mutanen da suka koyi aikin. A ofishin ne kuma aka fara zanen CJ-6, jirgin horo mai farfela da aka miƙa wa masana'antar Nanchang. Ya tashi a watan Agustan 1958, an ƙera fiye da 2,000, an sayar wa ƙasashe da dama.

Faɗin gaskiya a lokacin zumuɗi

Shekarar 1958 ita ce ta shirin Mao Zedong na bunƙasa masana'antu da noma cikin gaggawa. Zumuɗin ya shiga harkar jirage, har aka fito da shirin wani jirgi mai suna Dongfeng-113 da aka ce zai ninka gudun sauti sau biyu da rabi, alhali ƙasar ba ta da injin ko ƙarfen da za su ɗauki wannan aiki. Xu yana cikin waɗanda suka nuna cewa lissafi bai yarda da irin waɗannan buri ba, aka kuwa soke shi a kan haka. Shirye-shiryen sun watse ba tare da jirgi ya tashi ba.

A 1960 dangantaka ta yi tsami tsakanin Beijin da Mosko, Sobiyet ta kwashe ƙwararrunta. Abin da Xu ya hango ya tabbata. Da aka kafa cibiyar zanen jirage ta Shenyang a 1961, ya zama mataimakin shugaba mai kula da fasaha, ya jagoranci aikin binciken MiG-21 ciki da waje: a sake kowane lissafi, a cike giɓin takardun da Sobiyet ta bayar ba cikakku ba. Wannan aiki ya share hanya ga J-7 da J-8. A 1964 aka mayar da shi yankin Xi'an don ya jagoranci zanen manyan jirage, inda ya fara aikin jirgin fasinja Y-7 bisa samfurin An-24.

Ƙarshen rayuwa

A 1966 Juyin Juya Halin Al'adu ya ɓarke, masu ilimi suka zama abin farauta. Duk abin da ya sa Xu ya zama mai amfani ga ƙasarsa, shi aka juya ya zama laifi: ya yi karatu a Amurka, ya yi aiki a ƙarƙashin tsohuwar gwamnati, ya saba faɗin ra'ayinsa. An tsangwame shi, an gana masa azaba, ya rasu ranar 6 ga watan Janairu na 1968. Abokin aikinsa Huang Zhiqian ya riga shi, a haɗarin jirgin fasinja kusa da Alƙahira a watan Mayun 1965. J-8 ya tashi a 1969, Y-7 a 1970, babu ko ɗayansu a raye. Sai bayan mutuwar Mao aka wanke sunan Xu.

Samarin ofishin Shenyang su suka riƙe aikin. Gu Songfen ya zama babban mai zanen J-8, ya kuma karɓi lambar yabo mafi girma ta kimiyya a ƙasar a 2021. Tu Jida ya jagoranci inganta J-7 a Chengdu, Chen Yijian ya zana JH-7, Lu Xiaopeng kuma ya kai jirgin kai farmaki Q-5 ga tashi. Jiragen F-7 da sojan saman Najeriya suka saya daga zuriyar J-7 suka fito, haka MA60 da kamfanin Camair-Co na Kamaru ya yi jigilar fasinja da shi daga Y-7 aka samo shi. A 2008 gwamnati ta haɗa waɗannan masana'antu da cibiyoyin zane a ƙarƙashin AVIC.