MARIGAYI JIM CORBETT: MAHARBIN DA YA KOMA MAI KARE DAMISA

A tarihin dazuzzukan ƙasar Indiya, da wuya a sami sunan da ya kai na Jim Corbett shahara. Shi ne maharbin da ƙauyawan gindin duwatsun Himalaya suka riƙa aika wa da kira duk sa'ad da damisa ta soma cin mutane, shi ne kuma ya kasance cikin mutanen farko da suka gargaɗi hukuma cewa dabbar za ta ƙare ƙaƙaf in ba a yi hattara ba. Abubuwan nan biyu kamar ba su haɗuwa, amma tushensu ɗaya ne, watau sanin da ya yi wa dabbar, wanda ya samu daga doguwar zama da ita a daji.

Ya kamata tun da fari a bambance dabbar da ake magana a kanta. Damisar da muka sani a dazuzzukan Afirka mai roɗi-roɗi ce. Wadda Turawa ke kira taiga kuwa zane-zane baƙaƙe gare ta a kan jan gashi, kuma ba a samunta a daji sai a nahiyar Asiya. Ita ce mafi girma a dangin kyanwa, don babban namiji yakan wuce kilo 200. Ba ta zama garke kamar zaki. Kowace tana da yankinta, tana farautar nau'o'in barewa da aladen daji da ɓauna ita kaɗai. Macen takan ɗauki ciki wata uku da rabi, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu, su zauna tare da ita kimanin shekara biyu suna koyon farauta. Zanen kowace damisa dabam yake da na 'yar'uwarta, kamar yadda zanen yatsun mutane ya bambanta.

ƘURUCIYARSA

An haifi Edward James Corbett ranar 25 ga Yuli 1875 a garin Naini Tal, cikin yankin Kumaon na arewacin Indiya, zamanin mulkin Ingilishi. Mahaifinsa shi ne shugaban gidan waya na garin, ya kuwa rasu a 1881, yaron bai cika shekara shida ba. Gidan ba na masu hali ba ne, ga 'ya'ya da yawa. Lokacin sanyi sukan sauko daga kan dutse zuwa Kaladhungi, wani ƙauye da ke bakin kurmi, a nan ne yaron ya yi karatun da ya fi amfanarsa. Ya koyi harshen mutanen wurin, ya koyi karanta sawu a ƙasa har ya iya faɗin ko dabbar mace ce ko namiji, tsohuwa ce ko matashiya. Ya gane kukan da biri da barewa ke yi idan sun hango damisa, daga baya ma ya iya kwaikwayon kukan ita kanta damisar.

Bai kai shekara 20 ba ya bar makaranta ya kama aikin reluwe domin ya taimaki mahaifiyarsa. Daga bisani aka ba shi kwangilar sauke kaya da ɗora su a Mokameh Ghat, inda ake ƙetarar da kayan jirgin ƙasa a kan Kogin Ganjis. Ya yi kimanin shekara 20 a wannan aiki, yana raba riba da leburorinsa, har ya taimaka aka buɗe wa 'ya'yansu makaranta.

DAMISAR CHAMPAWAT

Yana cikin wannan aiki ne aka fara neman taimakonsa. Wata damisa mace ta kashe mutum wajen 200 a ƙasar Nefal, sojoji suka koro ta, ta ƙetaro iyaka ta ci gaba da ɓarna a Kumaon. Kafin ƙarshenta an lasafta mata rai 436. Galibinsu mata ne da yara, domin su ne ke fita yankan ciyawa da itace. Ƙauyuka suka tsaya cik, amfanin gona ya nuna babu mai girbi, mutane suka kulle kansu a ɗakuna.

A 1907 Corbett ya bi sawunta bayan ta ɗauke wata yarinya kusa da garin Champawat. Da taimakon hakimin wurin aka tara mutum wajen 300 da ganguna da tsofaffin bindigogi, suka yi ta kururuwa daga saman tudu, suka koro ta cikin wani kwazazzabo inda yake jira, ya harbe ta. Da ya duba bakinta sai ya tarar fiƙoƙinta biyu na gefen dama, na sama da na ƙasa, sun karye, kuma harbin bindiga ne ya karya su tun da daɗewa. Ashe wani maharbi ne ya raunata ta ya bar ta, ta kasa kama namun dajin da ta saba ci, sai ta koma wa abin da ya fi sauƙin kamu.

Wannan abu ya sake ganinsa sau da yawa. Damisar Muktesar ta yi karo da beguwa, ta rasa ido ɗaya, ƙayoyi wajen 50 suka nutse mata a ƙafar gaba. Ta Mohan ma ƙayar beguwa ya tarar a cikin naman ƙafarta, wurin duk ya ruɓe. Daga nan ya kai ga ra'ayin da ya riƙe har ƙarshen ransa, cewa mutum ba abincin damisa ba ne, kuma a mafi yawan lokuta rauni ne ke tilasta mata, wani lokaci kuwa tsufa. Game da damisa mai roɗi-roɗi ya lura da wani dalili dabam. Ta Rudraprayag, wadda ta kashe mutum 125 kafin ya harbe ta a 1926, ta soma ne bayan annobar murar nan ta 1918, sa'ad da gawawwaki suka yi yawa har aka riƙa jefar da su a kwazazzabai, ta saba da naman mutum.

Yakan yi farautarsa a ƙasa, galibi shi kaɗai, don kada wani ya halaka ta dalilinsa. Kafin ya amsa kira yakan kafa sharuɗɗa biyu: a janye ladan kuɗin da gwamnati ta sa a kan dabbar, a kuma janye sauran maharba daga yankin. A watan Nuwamba 1938, yana da shekara 63, ya kira damisar Thak da irin kukan namiji, ta taho har gabansa daf da faɗuwar rana, ya harbe ta.

DAGA BINDIGA ZUWA HOTO

Ba za a ce hannun Corbett bai taɓa jinin damisar da ba ta yi laifi ba. Ya yi farautar nishaɗi kamar sauran Turawan zamaninsa, ya shirya wa manyan ma'aikata farauta, kuma a 1930 ya harbe wani ƙaton namiji da ya shahara a dajin Powalgarh, wanda bai taɓa cin mutum ba. Amma a shekarun nan idonsa ya riga ya fara buɗewa. Ana sare kurmi domin katako da gonaki, bindigogi sun yawaita, motoci sun sa maharba na kai wa ko'ina, namun dajin da damisa ke ci suna raguwa. Idan abincinta ya ƙare sai ta faɗa wa shanu, masu shanu su harbe ta da bindiga marar ƙarfi, ta tsira da rauni, a sami sabuwar mai cin mutane.

Wani jami'in gandun daji, F. W. Champion, wanda ya yi suna wajen ɗaukar hoton damisa, shi ya kwaɗaita masa riƙon kyamara. Corbett ya riƙa kwashe watanni a ɓoye a bakin rafi yana ɗaukar damisoshi a majigi. Ya zaga makarantu yana yi wa yara bayanin daji, ya sa hannu aka kafa ƙungiyar kiyaye namun daji ta lardinsa. Ƙoƙarinsa da na abokansa ya taimaka aka keɓe wani yanki a kwarin Kogin Ramganga a 1936, aka hana farauta a cikinsa. Shi ne gandun namun daji na ƙasa na farko a Indiya, aka sa masa sunan Hailey, gwamnan lardin.

Bai manta da mutanen da ke zaune a bakin daji ba. Ya sayi ƙauyen Chhoti Haldwani kusa da gidansa, ya zaunar da manoma, ya kewaye gonakin da katangar dutse don tsare amfanin gona daga aladen daji, daga ƙarshe ya bar musu filayen. A Yaƙin Duniya na Farko ya kai mutanen Kumaon 500 Faransa aikin ƙwadago, a na biyu kuma ya koya wa sojoji dabarun zaman kurmi, ya kai muƙamin laftanar-kanar. A 1944 aka buga littafinsa mai suna Man-Eaters of Kumaon, wanda aka fassara cikin harsuna da yawa. A cikinsa ya yi gargaɗin cewa za a ƙarar da damisa muddin jama'a ba su tashi sun goyi bayanta ba.

ƘARSHEN RAYUWARSA

A 1947, shekarar da Indiya ta sami mulkin kai, ya ƙaura zuwa garin Nyeri a Kenya tare da 'yar'uwarsa Maggie, don bai taɓa aure ba. Yana tare da Gimbiya Elizabeth a masaukin Treetops daren 5 ga Fabrairu 1952, daren da mahaifinta Sarki George na Shida ya rasu, sarautar Ingila ta koma kanta. Corbett ya rasu ranar 19 ga Afrilu 1955 sakamakon ciwon zuciya, aka binne shi a Nyeri. Ba a daɗe ba Indiya ta mayar da sunan gandun nan nasa, a 1968 kuma masana suka laƙaba sunansa ga damisar yankin Indocaina.

Gargaɗinsa ya kusa tabbata. An ƙiyasta cewa Indiya na da damisa mai zane wajen 40,000 a farkon ƙarni na 20, amma ƙidayar 1972 ta sami 1,827 kacal. A shekarar aka kafa dokar kare namun daji, sa'an nan ranar 1 ga Afrilu 1973 gwamnatin Indira Gandhi ta ƙaddamar da shirin ceton damisa a cikin gandun Corbett, aka fara da gandaye tara. Masu farautar sata, waɗanda ke neman fata da ƙashi, sun sake jawo adadin ƙasa zuwa 1,411 a 2006. Ƙidayar 2022 ta ba da kimanin 3,682, watau wajen kashi uku cikin huɗu na dukan waɗanda suka rage a dazuzzukan duniya, kuma gandun Corbett ya fi kowane yawa da 260. Damisoshin tsibiran Bali da Jawa da na yankin Tekun Kasfiyan kuwa sun riga sun shuɗe.

Matsalar da ya fara fuskanta a Champawat ba ta gushe ba. Yayin da damisoshi suka ƙaru, matasansu na fita neman sabon yanki, su ci karo da gonaki da hanyoyin mota, har yanzu kuma akan yi asarar rayuka a ƙauyukan Kumaon. Jami'an gandun daji na yau suna aiki ne da ƙa'idar da ya bari: a binciki dalilin da ya sa dabbar ta sauya hali, a kawar da wadda ta zama haɗari ita kaɗai, a bar wa sauran kurminsu da abincinsu, a kuma tabbata talakan da ke bakin daji bai ɗauki nauyin kiyayewar shi kaɗai ba.