Wilson Bentley, Manomin Da Ya Ɗauki Hoton Dusar Ƙanƙara

Galibin mutanen da mukan kawo tarihinsu a wannan shafi sarakuna ne, ko mayaƙa, ko manyan malamai. Yau kuwa labarin wani manomi za mu bayar, wanda bai riƙe sarauta ba, bai shiga jami'a ba, bai kuma ƙaura daga gonar da aka haife shi ba har ya mutu. Sunansa Wilson Bentley, mutumin Amurka ne. Ya yi shekara 46 yana ɗaukar hoton abin da ke saukowa daga sama a bayan gidansu, maƙwabtansa suna yi masa dariya, amma a ƙarshe masanan da suka yi karatu mai zurfi suka zo suna ɗiba daga cikin aikinsa.

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mu bayyana abin da ya fi ɗaukar hotonsa, domin ba ya sauka a ƙasarmu. Mu dai ƙanƙarar da muka sani ita ce wadda takan zo da hadari da damina, dunƙulalliya kamar tsakuwa, har takan ɓata shuka. Dusar ƙanƙara dabam take. Tururin ruwa ne ke daskarewa cikin gajimare a kan ɗan ƙwayar ƙura, ya yi ta tsiro kaɗan kaɗan, sa'an nan ya sauko a hankali kamar audugar rimi. A ƙasashen sanyi takan rufe ƙasa fari fat wata da watanni. Idan aka ware ƙwaya ɗaya aka duba ta da kyau, sai a ga tana da kusurwa shida, da zane a jikinta kamar aikin mai ɗinkin hula. Amma da ta ji ɗumin hannu ko na numfashi sai ta narke.

An haifi Bentley cikin watan Fabrairu na 1865, shekarar da aka gama yaƙin basasar Amurka, a ƙauyen Jericho cikin jihar Vermont, wadda ke iyaka da Kanada. Ƙasa ce mai duwatsu da tsananin sanyi. Ubansa manomi ne mai kiwon shanun madara. Uwarsa kuwa ta taɓa yin aikin koyarwa, ita ce ta karantar da shi a gida har ya kai shekara 14. Da ya cika 15 sai ta ba shi wani tsohon madubin likita, irin wanda ake duba ƙwayoyin cuta da shi a asibiti. Yaro ya yi ta sa abubuwa a ƙarƙashinsa, da gashin tsuntsu, da furanni, da ɗigon ruwa. Ran da ya sa ƙwayar dusar ƙanƙara ya ga zanen da ke jikinta, daga ranar hankalinsa bai sake rabuwa da ita ba.

Da fari ya gwada zana su da fensir. Ya yi zane ɗaruruwa, amma kullum kafin ya gama sai ƙwayar ta narke, abin da ya rage sai ya cika da ka. Wannan bai gamshe shi ba, domin abin da ido ya gani yake so ya ajiye, ba abin da zuciya ta tuna ba. Sai ya ji labarin wani akwatin ɗaukar hoto mai wuya kamar zugazugin maƙera, wanda ake iya haɗa shi da madubin likita. Kuɗinsa dala 100 ne, kuɗi masu yawa ga manomin ƙauye a wancan zamani. Uban yana ganin abin ɓarnar dukiya ne da wasan yara, amma uwar ta yi ta lallashinsa har ya yarda ya saya. Ya biya kuɗin, amma har ya mutu bai ga amfanin abin da ɗansa ke yi ba.

Bentley bai taɓa koyon ɗaukar hoto ba, babu kuma wanda zai tambaya a ƙauyen. Ya yi fiye da shekara guda yana gwadawa, hotunan suna fitowa dishi-dishi. Sannu sannu ya gane sai ya rage ƙofar da haske ke shiga ta zama 'yar ƙanƙanuwa, ya kuma bar ta a buɗe da daɗewa. Ran 15 ga Janairu 1885, yana ɗan shekara 19, ya sami hoto na farko da ya fito sarai. Yana cikin mutane na farko a duniya da suka yi wannan.

Ga yadda yake aikin. Idan dusa ta fara sauka, sai ya fita da baƙin allo ya tara. Ya duba, ya zaɓi ƙwayar da ba ta karye ba, ya ruga da allon cikin wata rumfa da ba a hura wuta, domin ɗumi kaɗan ya isa ya ɓata aikin. Sai ya ɗauki ƙwayar da tsinken tsintsiya ya ɗora a kan gilashi, ya danna ta a hankali da gashin tsuntsu don ta kwanta daidai, yana kau da numfashinsa gefe. Sa'an nan ya buɗe akwatin, ya ƙirga lokaci, wani sa'i har fiye da minti guda. Haka ya yi ta yi kowace shekara, yana tsaye cikin sanyin da ruwa ke daskarewa, har ya tara hotuna fiye da 5,000.

To, a nan muke so masu karatu su lura da abin da ya raba Bentley da sauran masu sha'awar hoto. Bai ɗauki hoto don ado kaɗai ba. Kowane hoto yakan ba shi lamba, ya rubuta cikin littafi ranar da aka ɗauke shi, da ƙarfin sanyi a kan ma'auni, da inda iska ta fito, da irin gajimaren da ke sama. Da littattafan suka taru ya jera su, sai ya ga kamannin ƙwayoyin suna sākewa bisa ga sanyin rana da irin hadarin. Daga nan ya yi tunanin cewa zanen da ke jikin kowace ƙwaya labarin tafiyarta ne, watau irin iskar da ta ratsa tun daga gajimare har ƙasa. Tun da kuwa babu biyu da suka bi hanya ɗaya daidai, bai taɓa samun biyu masu kama ɗaya ba cikin dukan waɗanda ya duba.

Ya yi shekara 13 yana wannan aiki ba wanda ya sani sai mutanen ƙauyensu. A 1898 wani shaihun malami na Jami'ar Vermont, George Perkins, ya ga hotunan, ya taimake shi suka rubuta maƙala aka buga. Daga nan ƙofa ta buɗe. Ya yi ta rubutu a mujallar ma'aikatar duba yanayi ta Gwamnatin Amurka, da mujallar National Geographic, da waɗansu. Makarantu da jami'o'i suka riƙa sayen hotunansa don koyarwa, masu ƙera kayan ado su ma suna kwaikwayon zanen. A 1903 ya aika da hotuna 500 kyauta zuwa gidan ajiyar kayan ilmi na Smithsonian a birnin Washinton, don kada gobara ko wani haɗari ya cinye aikin duka a gidan gona.

Idan sanyi ya wuce bai ajiye akwatinsa ba. Bayan ya gama tatsar shanu da aikin dankali, yakan ɗauki hoton gajimare, da raɓa a kan ciyawa da saƙar gizo-gizo, da raɓar da ta daskare a jikin gilashin taga. Yakan kuma rubuta duk daren da ya ga wani haske mai launi da kan bayyana a sararin sama wajen arewa a ƙasashen da ke kusa da ƙarshen duniya, har ya tara labarin darare ɗaruruwa.

Amma aikinsa da ya fi kusa da mu shi ne awon ɗigon ruwan sama. Ko masu karatu sun taɓa tunanin yadda za a auna girman ɗigo ɗaya, alhali da ya taɓa ƙasa ya fashe? Dabarar Bentley ba ta bukatar kome sai abin da ke cikin madafa. Yakan zuba tankaɗaɗɗen garin alkama a faranti, zurfin kamar inci guda, ya miƙa shi cikin ruwa na 'yan daƙiƙu, ya janye. Kowane ɗigo sai ya zama ɗan curin ƙullu. In sun bushe ya tankaɗe garin ya auna su. Don ya tabbata awon gaskiya ne, sai da ya ɗiga ruwan da ya riga ya san girmansa cikin garin, ya ga curin da ɗigon kusan girmansu ɗaya. Tsakanin 1898 da 1904 ya yi awo 344 cikin hadari 70. Ya ga ɗigo mafi girma ya kai kamar rubu'in inci, kuma manyan ɗigo sun fi zuwa daga dogayen gajimare masu tsawa. Ya ce a ganinsa irin waɗannan daskararru ne can sama, a hanya suka narke. Yanzu masana sun tabbatar ruwa mai yawa haka yake farawa. Ko hadarin daminarmu, ƙololuwarsa daskararriya ce, daga can ne ƙanƙarar da ke faɗo mana take fitowa.

An buga wannan bincike a 1904, amma masana ba su kula ba. Sai a 1943, bayan mutuwarsa da shekara 12, waɗansu ma'aikatan Gwamnatin Amurka biyu masu binciken zaizayar ƙasa, Laws da Parsons, suka ɗauko dabarar garin, domin girman ɗigo da ƙarfin faɗuwarsa su ke nuna yawan ƙasar gona da ruwa zai kwashe.

Ba za mu ɓoye abin da aka zarge shi da shi ba. Bentley yakan kankare gefen hoton da 'yar wuƙa don ƙwayar ta fito fara a kan baƙi, yakan kuma gyara inda ƙura ta ɓata. Wani masanin yanayi na Jamus, Gustav Hellmann, da mai ɗaukar masa hoto, Richard Neuhauss, sun ga ƙwayoyin da su suka ɗauka galibi karkatattu ne ko karyayyu, suka ce na Bentley sun cika kyau, gyara ya yi yawa. Shi kuwa ya tsaya a kan cewa yana mai da ƙwayar ne yadda take kafin ta lalace. Mu a ganinmu kowannensu yana da tasa gaskiya. Zanen da ke cikin hotunan na ainihi ne, amma Bentley masu kyau yake zaɓa, har mutane suka zaci duk dusar ƙanƙara haka take, alhali mafi yawanta ba ta da wannan daidaito. Duk mai ajiye labari don na baya ya kamata ya riƙe wannan, cewa abin da aka zaɓa aka bari shi ma yana sāke labari.

A gida kuwa bai sami girman da ya samu a waje ba. An ce idon da ya ga hanci bai san darajarsa ba sai ya rasa. Mutanen Jericho suna ƙaunarsa don mutum ne mai fara'a, mai son yara, mai kaɗa piyano a taron ƙauye, amma suna ɗaukarsa kamar mai ɗan taɓin hankali. Wata rana ya shirya zai nuna musu hotunan a bango da fitila, mutum shida kaɗai suka zo. Bai yi aure ba, yana zaune a sashe ɗaya na gidan, ɗan'uwansa da iyalinsa suna ɗaya sashen. Bai kuma yi arziki da aikin ba, domin abin da ya kashe ya fi abin da ya samu nesa. A 1924 ƙungiyar masanan yanayi ta Amurka ta ba shi kyautar bincike ta farko da ta taɓa bayarwa. Dala 25 ce, bayan aikin kusan shekara 40.

Babban burinsa shi ne ya ga hotunan cikin littafi ɗaya. Wani babban ma'aikacin duba yanayi, William Humphreys, ya ɗauki nauyin neman kuɗi da shirya aikin. Littafin, mai suna Snow Crystals, ya fito cikin Nuwamba 1931 da hotuna fiye da 2,400. Bentley ya riƙe shi a hannunsa, amma bai daɗe yana jin daɗinsa ba. Cikin Disamba ya taka mil 6 zuwa gida dusa tana zuba, sanyi ya kama shi a haƙarƙari. Ya mutu a gonarsu ran 23 ga Disamba 1931, yana da shekara 66.

Littafin ya kai har Japan, inda wani masani, Ukichiro Nakaya, ya gan shi ya shiga binciken. A 1936 Nakaya ya ƙera ƙwayar dusar ƙanƙara da kansa cikin ɗakin gwaji, ya nuna a fili cewa ƙarfin sanyi da yawan laimar iska su ke yanke kamannin da za ta ɗauka. Ashe tunanin manomin Jericho yana kan hanya. Yau ana ajiye da kayan aikinsa a ƙauyensu, baƙi suna zuwa kallo.

Dalilin da ya sa muka kawo wannan tarihi shi ne, yawancin masu karanta wannan shafi aikinsu rubutu ne cikin rajista, kuma mun san sau da yawa akan ga aikin kamar ba shi da amfani. Bentley bai fi maƙwabtansa ganin sama ba, dusa ɗaya ke sauka a kan rufinsu duka. Abin da ya fi su da shi, ya duba da kyau, ya rubuta ranar, bai fasa ba. Malamin makarantar da zai sa almajiransa su rubuta ranar da ruwan shuka ya sauka, da ranar da hazon hunturu ya fara, da ranar da gawo ya yi ganye, in ya dawwama a kai shekara ashirin, zai bar wa garinsu abin da babu shi a littafin kowa. Kuɗin da za a kashe bai wuce na littafin rubutu da fensir ba. Allah ya ba mu haƙurin yi.